Kwalaben Mama Yemima

Idan ka sauka daga mota a Madakiya ka tambayi gidan Mama Yemima, ba wanda zai tsaya yi maka dogon kwatance. Za a ce ka bi ta bayan coci, ka ƙirga gida huɗu, na biyar mai mangwaro biyu da shanyar citta a ƙofa, shi ne. Shekarunta sittin da uku. 'Ya'ya biyar ta haifa, huɗu na raye, jikoki goma sha ɗaya, gonar citta biyu. Tun watan Maris na bana kuwa ba a cika ganin haƙoranta ba. Maƙwabta sun ce ko akuya ce ta gifta ta ƙofarta sai ta sha faɗa. Ga abin da ya jawo.

Tana 'yar shekara tara ta fara bin kakarta gindin dutse neman magani. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, da yarensu na Jju take koya mata kome, kuma ba ta san maganin ciwo ɗari ba kamar masu tallar magani da lasifika a kasuwar Kafanchan. Abu ɗaya ta iya: maganin faɗuwar gaba, irin wadda ke hana mutum barci, ta sa hannu rawa, zuciya na dukan uku-uku ba a san dalili ba. Ganyen ɗoɗɗoya bakwai, ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami damƙi ɗaya, citta kamar babban yatsa, da saiwar wani ɗan itace da har yau Yemima ba ta san sunansa da Hausa ba. A tafasa, a tace, a sha safe da yamma kwana bakwai.

Kaka ba ta karɓar kome. Doka ɗaya gare ta, ta gorar da ake zuba maganin. Wanda ya ji sauƙi, ya dawo da gora da ɗan hatsi a ciki. Wanda bai ji ba, ya dawo da ita wayam, ya ajiye a bakin ƙofa ya yi tafiyarsa, ba sai ya buɗe baki ba. Da haka tsohuwa ke sanin inda maganinta ya kama da inda ya zame.

Yemima ta yi aure tana da sha tara. Mijinta Meshak ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, sun yi shekara goma sha biyar tare kafin ciwon hanta ya ɗauke shi, ya bar ta da yara da ɗaki biyu marasa rufi. A shekarar ita kanta ta san mece ce faɗuwar gaba. Sai ta tuna da kaka, ta nufi gindin dutse, ta dafa wa kanta. Bayan wata biyu ta miƙe ta koma gona. Daga nan mata suka fara zuwa. Gora ta riga ta tafi da zamaninta, sai ta nemi kwalabe goma sha biyu, ta riƙe dokar kaka yadda take. Ta ma ƙara da nata: a bangon ɗakin girki tana jan layi da gawayi, kwalba mai hatsi a dama, wadda ta dawo wayam a hagu. Shekara ashirin da tara tana wannan. Dama ta kai layi ɗari shida da goma sha biyu. Hagu, tara kacal. Idan baƙo ya yi mata gardamar maganin gargajiya, ba ta jayayya, sai ta kama hannunsa ta kai shi gaban bango.

A cikin waɗannan shekaru aka zaɓe ta shugabar zumuntar matan coci, aka sake zaɓenta, aka kuma sake, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mama. Ita ke raba faɗan ma'aurata, ita ke tsara girkin biki da na makoki, ita ke cewa wace yarinya ce ta isa a kai ta gaban fasto da maganar aure.

Jacinta matar autanta ce, Derrick, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tica ce a wata firamare a Kafanchan, 'yar mutanen Kachia, mai ladabi irin wanda surukai ke yi wa juna gori da shi. Wata huɗu bayan ta haifi 'yarta Selina, abin ya taso mata. Zuciya na gudu, gumi ko da sanyin safiya, alli na faɗuwa daga hannunta, ƙofa ta buga sai ta zabura. Kowa ya ce tsoro ne. A shekarar da ake kwana da kunne ɗaya saboda labarin hare-hare a ƙauyuka, wa zai yi mamakin mai jego da faɗuwar gaba? Mama ta ɗora tukunya. Kowace Asabar Derrick ya zo da mashin ya ɗauki kwalba, ya ajiye ta makon jiya. Asabar ashirin da takwas, kwalba ashirin da takwas, kowacce cike: acca, gyaɗa, waken suya, sau biyu ma sukari. Mama ta ja layi ashirin da takwas a dama. Idan ta kira waya, Jacinta ta ce sun gode Allah, sun gode Mama.

Tela ce ta fasa ƙwan. Ana shirin sabon anko na taron zumunta, Mama ta je gwajin rigarta wurin Faustina, wadda bakinta ya fi kekenta sauri.

“Mama, wannan surukar taki kuwa kuna ba ta abinci?” in ji Faustina, da allura a baki. “Sau uku ke nan ina rage mata riga tun Kirsimeti. In ta sake zuwa, sai dai in auna ta da awon yara 'yan Sande sukul.”

Matan da ke shagon suka yi tsit. Mama ta lura da wannan shirun, kuma shi ya fi maganar ƙona mata rai, don shiru ne na waɗanda suka riga suka sani.

Washegari Talata ta shiga motar Kafanchan ba ta gaya wa kowa ba. Ƙarfe biyu na rana ta tura ƙofar gidan ɗanta. Jacinta na tsakar ɗaki ba mayafi, ba ɗankwalin da take naɗawa har wuya idan za ta zo gaisuwa, tana ƙoƙarin zuba ruwa a kofi, rabi na shiga rabi na bin ƙasa. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, idanu sun yi waje kamar wadda aka tsorata aka bar ta a haka. Ta yi sauri za ta durƙusa.

“Tashi! Kada ki durƙusa mini,” in ji Mama. “Miƙo hannunki.”

Hannun na kaɗawa kamar ganyen ayaba.

“Kina shan maganin?”

“Ina sha, Mama. Ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba.”

“Ya yi miki?”

Jacinta ta dubi ƙasa.

“Da ke nake, Maman Selina. Ya yi miki?”

“Makon farko na ɗan yi barci.”

“Sauran ashirin da bakwai fa?”

Sai hawaye. “Mama, yaya zan dawo miki da kwalba ba kome a ciki? Ni, surukarki? A ce 'yar Kachia ta zo ta ce maganin Mama ba ya aiki? Me za a ce da iyayena?”

Mama ta zauna a hannun kujera. Ba ta daɗe a zaune ba sai ga ƙarar mashin, Derrick ya dawo cin abinci. Ya shigo da fara'arsa, yana cewa ashe yau suna da babbar baƙuwa.

“Rufe mini baki, sakarai! Kai ne mai auna accar?”

“Mama, wace acca kuma?”

“Wadda kake ɗura mini a kwalba kowace Asabar, matarka na narkewa a gabanka kamar man shanu a rana! Makaranta nawa na kai ka? Citta buhu nawa na haƙa da hannun nan don ka yi karatu? Karatun ke nan?”

“Haba Mama. Na ce mu je asibiti, ita ta ce sai mun gama naki, kada ki ji labari ki ce mun raina ki.”

“Da ta mutu fa? Sai ku cika akwatin da acca ku kawo mini, in ja layi?”

Mama ta ɗauki jaririyar ta goya da kanta, ta ce a tashi.

A asibitin nas ta kama wuyan hannun Jacinta tana duban agogo: bugu ɗari da ashirin da huɗu a minti ɗaya, alhali tana zaune ba abin da ta yi. Aka ɗora ta a sikeli, aka duba katinta na awon ciki, kilo goma sha ɗaya babu. Likitan matashi ne, bai kai Derrick ba. Ya taɓa gaban wuyanta, ya sa ta haɗiyi ruwa, ya tambayi abin da take sha duk watannin nan. Da ya ji, ko ɗaga kai bai yi ba.

“Ku ne dai, masu saiwa. Sai kun gama da mutum ku kawo mana.”

“Ɗana,” in ji Mama, “ni na goyo jikata na kawo uwarta nan da ƙafata. Zagin ka ajiye shi, za ka same ni daga baya. Yanzu gaya mini abin da ke cin yarinyar nan.”

Aka ɗebi jini. Bayan kwana huɗu sakamako ya fito. Ba tsoro ba ne. Wani ƙullutu ne da kowa ke da shi a gaban wuya, wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo. Nata yana aiki fiye da kima, yana kora zuciya da jiki duka a guje. Likita ya ce da an ƙara wasu watanni a haka, zuciyar na iya gajiya. Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, ya ce ɗaya za a daɗe ana sha, wataƙila fiye da shekara, kuma a riƙa dawowa gwajin jini.

A wurin karɓar magani Mama ta tarar da Hellen, wadda Mama ta koya wa haddar ayoyin Baibul tana ƙarama, yanzu ita ce mai haɗa magunguna. Mama ta jira layi ya ragu, ta kwance bakin zane ta zube ɗoɗɗoya da ciyawar shayi da guntun saiwa a kan tebur.

“Ke kin yi karatun abin. Kada ki ji kunyata, na ƙoshi da kunya. Wannan yana aiki ko ba ya yi?”

Hellen ta juya ganyen. “Mama, ban sani ba. Kuma ba wai ina kauce miki ba ne. Yadda ake sani shi ne a samu masu ciwo iri ɗaya da yawa, a raba su biyu. Rabi a ba su maganin, rabi a ba su abin da ya yi kama da shi amma ba kome a ciki, kuma kada kowa ya san wanne ya sha, har mai bayarwa. Sai a ga ko akwai bambanci.”

“Don me za a ba mutum abin banza?”

“Don faɗuwar gaba tana yawan tafiya da kanta. Wani kuma da ya ji an kula da shi sai ya samu sauƙi, ko ruwan zafi aka ba shi. Akwai wasu ganyaye na ƙasashen waje da aka gwada haka, wasu sun nuna ɗan amfani, amma yawanci a kan mutane kaɗan ne, na ɗan lokaci. Ciyawar shayin nan an taɓa gwada ta a kan mutane, abin da na karanta ba a ga wani bambanci ba. Saiwar nan kuwa ko sunanta ban sani ba. Haɗin naki gaba ɗaya ba wanda ya taɓa gwada shi. Yana iya kwantar da hankali. Abin da na tabbata shi ne ba zai taɓa maƙoƙo ba, kuma daga waje su biyun kama ɗaya suke.”

“Ina da layi ɗari shida da goma sha biyu a bango.”

“Su wa suka ba ki layukan, Mama?”

Da Mama ta koma Madakiya ta wuce ɗakin girki ko jaka ba ta ajiye ba. Layukan hagu tara ne, ta san kowanne da mai shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe na wata Zipora ne, mai sayar da ƙosai, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Shekara guda bayan nan aka zaɓi Mama shugabar zumunta. Tun daga ranar kwalba ba ta sake dawowa wayam ba. Ita kuwa duk tsawon lokacin tana cewa hannunta ne ya nuna, Ubangiji ya ƙara wa aikin albarka. Kaka tsohuwa ce a bayan gari, ba wanda ke neman kome a wurinta, ajiye mata gora wayam ba ya cin kowa. Amma wa zai ajiye kwalba wayam a ƙofar matar da za ta tsara bikin 'yarsa?

Kwana tara ta yi tana bin gidaje, da safe kafin rana ta yi zafi. Ba ta karɓar kujera, ba ta shan ruwa. Mata hamsin da uku ta samu cikin waɗanda suka taɓa karɓar kwalba, kowacce ta sa ta ta dubi idonta. Goma sha tara suka ce tsakani da Allah sun ji daɗinsa. Goma sha huɗu suka ce abin ya wuce, amma ba za su rantse maganin ne ba. Goma sha biyu ba abin da ya canza. Biyar ba su ma sha ba, ɗaci ya hana, ɗaya ta ce a gindin gwanda take juyewa, gwandar kuwa ta yi kyau. Uku sun lallaɓa asibiti a ɓoye, aka ce hawan jini ne, suna shan ƙwaya har yau, kuma duka ukun sun kawo mata gyaɗa.

Ranar Alhamis a taron zumunta, bayan waƙa ta biyu, ta miƙe ta karanta musu lissafin nan kaf.

“Shekara goma sha bakwai kuna ciyar da ni ƙarya a kwalba,” ta ce. “Na ci accarku, na yi ƙiba da ita. Kun ga yarinyar nan tana ƙarewa, kun gani a shagon Faustina, kun gani a coci, ba wadda ta ja ni gefe. Wannan ne ladabi? Ladabin da zai kai 'yar mutane kabari, ku riƙe abinku!”

Wata dattijuwa, Martina, ta ce daga baya, “To Mama, ke ma ai ba a iya gaya miki magana. Wa ya manta abin da kika yi wa matar Nelson da ta ce gishirin miyar biki ya yi yawa?”

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

“Na ji,” in ji Mama. “Wannan ma ku rubuta a kaina.”

Ba ta daina dafawa ba, don mata goma sha tara ba wasa ba ne, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta zubar da abin kakarta don wani yaro mai farar riga ya yi mata tsawa ba. Amma yanzu duk mai son kwalba sai ta fara zuwa an auna jininta da bugun zuciyarta, ta kawo takarda. Kwana goma sha huɗu ne iyaka, in ba sauƙi a koma asibiti. Ba ta karɓar ko ƙwayar gyaɗa. Masu zuwa sun ragu da fiye da rabi, wasu sun koma wurin masu lasifika, inda ba a tambayar takarda. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ta dariya.

Jacinta ta fara dawowa. A wata na uku bugun ya sauka tamanin da takwas, kilo huɗu sun dawo, alli ya daina faɗuwa. Derrick, wanda ke neman hanyar wanke kansa, ya je ya sa ranar godiya a coci ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Mata suka fitar da anko, aka yi maganar shinkafa, aka fara koyon waƙar da za a raka su da ita gaban bagaden coci. Saura kwana shida sakamakon gwaji na biyu ya fito: ya yi sauƙi sosai, amma bai daidaita ba, a ci gaba da ƙwaya.

Fasto da kansa ya zo gidan Mama da yamma, Derrick da Jacinta na zaune, don ya ji an ce tana neman hana taro.

“Mama, godiya ai ba ta jiran takardar likita,” in ji shi. “An riga an sanar. Mutane sun yi ɗinki.”

“Su sa a wani bikin. Fasto, na san mutanena. Ranar da yarinyar nan ta yi rawa zuwa gaban coci aka ce ta warke, washegari kowa zai tambaye ta me take yi da ƙwaya kuma, ko ba ta da bangaskiya ne. Ita kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Za ta ajiye maganin don kada ta kunyata ku, kamar yadda ta sha nawa don kada ta kunyata ni.”

“To a tambaye ta mana,” in ji Derrick. “Jacinta, ba kin ji sauƙi ba? Gaya wa Fasto.”

Duk suka juya gare ta. Ta gyara wa Selina zama a cinyarta, ta dubi mijinta, ta dubi Mama, sannan ta dubi fasto.

“Na ji sauƙi, Baba. Amma ban warke ba tukuna. A ɗaga ranar.”

Fasto ya ciro ɗan littafinsa ya soke kwanan watan. Derrick ya fara gunagunin abin da zai gaya wa mutanen ofis da ya gayyata.

“Ka gaya musu matarka ba ta warke ba,” in ji Mama. “Kalma nawa ce? Ko ita ma sai na rubuta maka?”

Ta tashi ta shiga ciki ɗora tuwo, tana faɗa da murhu don itacen ɗanye ne.